Ba Na Son Baƙi

Uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da ke min tsiya duk safiya, da kunnen nan da ya ƙara nauyi. Jiya mai shagon ƙasa ya yi ta dukan ƙofa har ya gaji, ni ina zaune ina yankan yadi ban san ana yi ba. Shi ya sa na ce ki daina wahalar da kanki da waya, ke kina ihu can, ni ina "na'am? na'am?" nan. Takarda ta fi. Dogo direba yana shiga wajenku duk mako, ki riƙa ba shi.

Shi ne ma ya kawo min albishir, wai an gama fentin asibitinki na haƙori, har an kafa allo a ƙofa, kuma ƙarshen watan gobe za a yi liyafar buɗewa. Wallahi sai da na ajiye almakashi na yi kuka. Yarinyar da yayana ya rasu ya bar min tana da shekara huɗu, wadda nake ɗaure wa haƙori da zare in fizge tana tsala ihu, yau ita ce likitan haƙori! Na ɗan ji haushi da a bakin direba na ji. Amma sunan mahaifiyata aka sa miki, ban taɓa iya yi miki faɗa na gaske ba, ba yau zan fara ba.

To ki saurara. Kada ki kuskura ki ɗauko wani mai ado ya yi miki bangon furanni. Shekara ashirin da shida ina yi wa 'ya'yan mutane bango, suna tsayawa a gabansa suna washe baki ana ɗaukarsu hoto, ranar taki kuma in zauna ina kallon na roba? Ni zan yi. Ki aiko min da awon wurin, tsawo da faɗi, da launin da kike so. Ki kuma faɗa min a cikin zaure ne ko a fili, saboda iska.

Baƙin yadin karan-miskin nan da kika aiko min shekarar da kika fara aiki, wanda nake ta ɓoyo a ƙasan akwati ina cewa sai babbar rana, na kai wa tela. Na ce ya saki ƙugu sosai, don Goggonki ba yadda kika bar ta take ba.

Goggonki

*

Goggo,

Barka da war haka. Muna lafiya, maigidana yana gaishe ki da kyau. Maganin gwiwar da na aiko shafawa ake yi, ba a ajiye shi a kan taga yana kallonki kina kallonsa ba.

Ki yi haƙuri da Dogo ya riga ni. Wallahi kwanan nan ko abinci a tsaye nake ci: yau masu haɗa kujerar aiki, gobe masu wuta, jibi masu duba takardu. Na ji daɗi da za ki yi bangon, don na san babu hannu irin naki.

Ga awo: faɗi ƙafa goma, tsawo ƙafa takwas. A cikin zaure ne, babu maganar iska. Launi kuwa fari da ruwan hoda, sai ɗan ruwan zinariya a gefe-gefe.

Uwar mijina ce ta kama zauren, kuma ita ke tsara komai, daga kujeru har abin sha. Wurin ƙarami ne, kujera sittin kacal, yawanci danginsu ne da manyan likitocin da na yi aiki a ƙarƙashinsu. Kin dai san su, mutane ne masu lura, ko zare ya fito a riga sai sun gani, ga shi hotunan za su yi yawo hannu-hannu. Don haka abu ɗaya nake roƙonki, kada ranki ya ɓaci: wannan karon ba na son baƙi. Ko ɗaya. Na san halinki, za ki ce ai ba komai, amma don Allah ki yi min yadda na ce.

Ki gaida mai shagon ƙasa, ki ce ya riƙa dukan ƙofar da ƙarfi.

'Yarki

*

Uwata,

Gaisuwa. Gwiwa tana nan yadda take. Ina shafa maganin.

Takardarki ta iso. Na karanta, na goge tabarau na sake karantawa. Kin ƙirga min kujera sittin, ta dangin miji da ta manyan likitoci, na duba ban ga tawa ba. Maganar rigata ko tari ba ki yi a kai ba. Sannan kika ce ba kya son baƙi, ko ɗaya, kada raina ya ɓaci. Na gane, ai ba sai an zana min a ƙasa ba. Ashe baƙuwa ce ni yanzu.

Ina ta tunanin ranar da na zama baƙuwa. Ina jin tun zuwana gidanku ne bara, da uwar mijinki ta tambaye ni ya hanya, ni kuma na ji kamar ta ce ya sana'a, na dage ina ba ta labarin gam da kyandir. Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su ban san da ni ake ba. Ke kaɗai ce ba ki yi ba, kika sunkuyar da kai kina wasa da cokali. Na gani, Uwata. Kunne ne ya mutu, ido yana nan.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Amma na ce zan yi bango, kuma zan yi.

Kafinta ya kawo alluna huɗu, kowanne ya shiga bayan motar Dogo. Na ja musu ragar waya, na fara da ganye kamar kullum don kada katako ya leƙo. Manyan furannin farare ne, kowanne ɓallin yadinsa goma sha takwas, sai na yanka ɗaya bayan ɗaya in gifta bakinsa a kan kyandir ya lanƙwasa. Kin tuna? Nan kike zama a kan kujerar tsuguno kina miƙo min, har ranar da kika ce ke ma kin iya, kika ƙone babban yatsa, kika hana ni aiki wuni guda ina hura miki. Yanzu teburin ya cika da fari har ba ni da wurin ajiye kofi. Yatsuna duk sun yi kanta da bindigar gam, idan na taɓa yadi ba na jin laushinsa sai na kai shi kumatu.

Ba zan zo ba, ki kwantar da hankalinki. Dogo zai kawo, na koya masa haɗawa.

Rigar na karɓo ta daga wurin tela. Ta zauna min ɗas. Na sa ta sau ɗaya a gaban madubi, na cire na rataye.

Goggonki

*

Goggo,

Ina kwana. Ki yi haƙuri da shiru na mako uku, abubuwa ne suka cakuɗe. Muna lafiya.

Na ga saƙonki. Gaskiya ma hanyar da nisa, awa goma sha ɗaya a mota da wannan gwiwar taki ba wasa ba ne. Ki huta abinki. Zan aiko miki da hotuna, kuma in ƙura ta lafa ni da kaina zan zo.

Don Allah bangon ya iso ranar Alhamis, liyafar Asabar ce da rana.

'Yarki

*

Uwata,

Ina gaishe ki. Lafiya lau. Sau uku Dogo yana dawowa hannu rabbana, ina leƙa shi ta taga yana girgiza min kai, sai a na huɗu ya kawo layinki biyar. Na ji, ina hutawa.

Ga bango nan. Ki karanta wa masu haɗawa wannan, don Dogo kansa ba ya riƙe abu biyu.

A bayan kowane allo na rubuta lamba da alli, ɗaya zuwa huɗu, daga hagu zuwa dama idan mutum yana bayan bangon. A ɗauke su a tsaye, kada a ja su a ƙasa. Ƙafafun suna cikin buhu tare da kusoshinsu, a ɗaure na tsakiya tukuna. Takardar da na lulluɓe furannin da ita a zare ta a hankali daga sama. Duk furen da hanya ta danne, a sa yatsu biyu a cikinsa a buɗe shi, kada a fesa masa ruwa. A bar taku biyu tsakanin bangon da masu tsayawa, in ba haka ba mata za su tafi da rabinsa a mayafi.

Za ki ga ƙanana masu duhu can ciki, tsakanin manyan. Kada kowa ya taɓa su. Fari da ruwan hoda in babu duhu a bayansu, a hoto narkewa suke yi, sai ka rantse zanen gado aka shanya. Ina sa su a kowane bango nawa, amma naki na fi cika masa, kuma ban taɓa yin masu kyansu ba.

Allah ya sa a yi taro lafiya, ya sa albarka a asibitin.

Goggonki

*

Goggo,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. An yi taro an tashi lafiya. Amma gaskiya raina a ɓace yake, kuma gara in faɗa miki da in bar shi a ciki.

Ranar Juma'a da safe muka zare takardun, sai ga baƙaƙen furanni ko'ina, tun daga sama har ƙasa. Uwar mijina ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta ce, "Ikon Allah! Buɗe asibiti za a yi ko zaman makoki?" A gaban ƙannen mijina, a gaban ma'aikatana. Na rasa inda zan sa fuskata.

Haba Goggo! Abu ɗaya tak na roƙe ki. Na rubuta miki ɓaro-ɓaro cewa ba na son baƙi, ko ɗaya, don na san ba kya yin bango sai kin cusa shi. Sai ma kika ninka. In fushi kike da ni, ai da kin faɗa min, ba ki huce a kan ranar da na shekara goma ina jira ba.

Ni da ma'aikatan jinya biyu muka zauna da filaya muna cire su ɗai-ɗai har bayan azahar. Kin manne su kamar ba za a mutu ba, wasu sai da suka taho da ganye. Suka bar ramuka, dole aka ruga kasuwa aka sayo na roba aka toshe. Baƙaƙen muka tara a buhu, masu shara suka kwashe da yamma.

Ga hotuna nan guda shida. Bangon bai fito yadda na so ba, ya yi fari fat, manyan furannin ma ba a rarrabe su sosai. Duk da haka mutane sun yaba. Na gode da wahalar da kika sha, ban ce ba ki sha ba.

'Yarki

*

Uwata,

Lafiya ƙalau nake. Kunne ne dai, jiya har tukunya ta ƙone ban ji tana ƙara ba.

Launi! Ashe launi kike nufi. Da na kai wannan layin na saki wata dariya, har mai shagon ƙasa ya hawo da gudu ya ɗauka faɗuwa na yi. Tsohuwar banza, shekara ashirin da shida tana cusa baƙi a bango, an ce mata ba a son baƙi, ta ɗauka da ita ake. Wannan wautata ce, na karɓa. Da na fahimta, wallahi ko ɗigo ba zan sa ba, ko da hoton zai fito kamar zanen gadon da na faɗa miki. Ga shi kuwa ya fito.

Amma da dariyar ta ƙare sai na share teburin aiki, na jera takardunki uku, na zauna ina tuna abin da ni na rubuta. Ban yi miki kwana-kwana ba. Na ce kin mai da ni baƙuwa, na ce ban ga kujerata ba, na ce ba zan zo ba. Ke ce mai karatu a gidan nan. Kin riƙe takardar nan mako uku. Abin da za ki rubuta bai kai layi ɗaya ba: Goggo, launi nake nufi, ki taho. Dogo ma da baki zai iya kawo min shi bai manta ba. Sai kika ce hanya da nisa, in huta abina.

Kuma Dogo ya tsaya har aka tashi daga taro, don ya kwance allunan. Ya ce wata babbar likita ta tambaye ki wa ya yi bangon, kika ce, "Wata mata ce a can gida." Bai faɗa don gulma ba, shi a ganinsa yabo ya kawo min.

Ba na son dogon bayani, kuma kada ki aiko min da magani. Tambaya ɗaya ce, ki amsa min ita tsakaninki da Allah. Da kika karanta takardata, kin gane na yi kuskuren fahimta, ko ba ki gane ba?

Wata mata a can gida

*

Goggo,

Ina gaishe ki. Ban san yadda zan tambayi lafiyarki ba bayan abin da na yi.

Na gane. Tun a layin farko na gane.

Na ɗauki biro a ranar, na rubuta, "Goggo, launi nake nufi." Takardar ta kwana biyu a aljihun rigar aikina. Sai na riƙa hango ki a zauren, kina magana da ƙarfi don ba kya jin kanki, ana tambayarki abu kina amsa wani, kina ba manyan likitoci labarin zaren da kike cire min haƙori da shi, uwar mijina tana kallon ƙannensa suna danne dariya. Ban taɓa cewa kada ki zo ba, kuma da bakina ba zan iya faɗa ba har abada. Amma da kika faɗa da kanki, sai na ji wani sauƙi a ƙirjina. Na yaga takardar. Na ce wa kaina ai don gwiwarki ne.

Tsabar son kaina, ban ma tuna cewa in ban gyara maganar ba baƙin zai zo a bangon ba. Da na gan shi, haushin kaina ne ya kama ni, na juye miki.

Kujera sittin ɗin ma ba su cika ba. Akwai guda uku a layin gaba da babu kowa, uwar mijina ta ɗora jakarta a kan ɗaya. Duk jawabin da aka yi, jakar nan nake kallo.

Ina jin kunya, Goggo, irin wadda ban taɓa ji ba. Ki yafe min. Ranar goma ga wata zan zo da kaina in ɗauke ki a motata, mu riƙa tsayawa a hanya kina miƙe ƙafa. Zan tara ma'aikatana in ce musu ga wadda ta raine ni. Allunan suna nan a ɗakin ajiya, za a kafa su a ƙofar asibiti. Ki sa rigar karan-miskin nan, mu tsaya ni da ke a ɗauke mu, in rataye hoton inda duk mai shigowa zai gani.

'Yarki, in har yanzu kin yarda

*

Likita,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Gwiwa ta yi sauƙi, hutun ya karɓe ta.

Na gode da kika faɗi gaskiya. Da kin ce ba ki gane ba, da na yarda, don ina so in yarda. Yafiya kuwa na yafe, ba na son in tsaya gaban Allah da ƙullin 'yar yayana a zuciya. Amma ciwon yana nan, kuma ban san ranar da zai tafi ba.

Maganar riga, babu riga. Ranar da takardarki ta "ki huta abinki" ta iso, na sauke ta daga inda na rataye, na shimfiɗa ta a kan tebur, na sa mata almakashi. Karan-miski ba ya son kyandir, sai da na naɗe bakin kowane ɓalli da allura. Fure ɗari da arba'in ta ba ni, har hannuwa da wuyan ban bari ba. Na ce tunda ni ba zan je ba, bari ita ta je, ta tsaya a bayanki a hoto, ba ta magana da ƙarfi, ba ta amsa abin da ba a tambaye ta ba. Ke kika saya min yadin da albashinki na fari, na ɗauka hannunki zai gane shi. Wuni guda kina riƙe da shi da filaya.

Kada ki kafa allunan saboda ni. Bangon da aka toshe da roba ba nawa ba ne, ki ba masu shara su haɗa da sauran.

Ranar goma ina da aikin wasu 'yan makaranta da suka gama karatu, amma in kin zo ba zan rufe ƙofa ba. Ki daka da ƙarfi. Ɗakinki na cika shi da alluna da ragar waya tun watan jiya, babu wurin kwanciya. Akwai dai katifar baƙi a bayan ƙofa, zan shimfiɗa miki a falo.

Goggo